Ranar da Kaka Ya Gyara Mini Shafi

Ko na tsufa na fara dogara sanda, ba zan taɓa mantawa ba da zangon da Malam ya buɗe mana wiki a makarantarmu ta Talata Mafara. Wiki dai shafi ne a intanet da kowa a ajin zai iya rubutu a kansa, kuma kowa zai iya gyara na ɗan'uwansa. An ce Malam ya maimaita wannan na ƙarshen har sau uku (ni lokacin hankalina na wurin mai awara).

Aikin da ya ba mu shi ne kowa ya je wurin wani dattijo a danginsu ya ɗauko labarin rayuwarsa. Wanda nasa ya fi daɗi, shi zai karanta a gaban makaranta duka ranar Litinin. Ni kuwa duniya ba abin da nake so irin a ba ni lasifika.

Kakana yana Dosara. To amma ranar Asabar muna da ƙwallo da 'yan Bakura. Sai na ari wayar Inna, na zauna gindin dogon yaro, na yi wa tsoho tarihi daga kaina. Na rubuta cewa yana saurayi ya kama kada a gulbi, kada mai tsawon motar haya. Da hannu guda ya danne masa baki, ɗaya hannun yana ɓare goro. Ni kaina da na sake karantawa sai da na ji tsoron Kaka.

Ranar Juma'a Malam ya ce nawa aka zaɓa. Abin da na manta shi ne Rabi, 'yar baffana, ajinmu ɗaya, kuma ta tafi Dosara a ƙarshen makon. Kaka ba ya karatun boko, sai allo da ajami, amma kunnuwansa garau suke.

Litinin da safe Malam ya miƙo mini wayarsa da lasifika. Na gyara wuyan riga, na fara. Ina kaiwa wurin goro aka ɗauki tafi. Daɗi ya kwashe ni, na zarce cikin sakin layi na gaba da babbar murya, ban ko lura ba cewa ba ni na rubuta shi ba:

"Gyara daga bakin mai labarin. Wanga kada da jikana ka faɗi, guza ne. Kuma ban kama shi ba, shi yaf fito, ni kau nit tsere har takalmina guda yab bi ruwa. Rabona da ganin yaron ga tun Sallar layya."

Sai da na kai "layya" ƙwaƙwalwata ta iso wurin. Makaranta ta kwashe da dariya. Shugaban makaranta ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Rabi kuwa, wadda ta karanta wa Kaka shafin ta rubuta masa gyaran, ta ja hijabi ta rufe baki, wai ita mai kunya.

"Ci gaba mana, jikan mai kada," in ji Malam. "Da saura layi guda."

Na karanta da muryar sauro: "In labari yaka so, Dosara ba ta tashi ba. Shi taho, shi riƙo min goro."

Malam bai dake ni ba, bai kuma goge komai ba. Cewa ya yi amfanin wiki ke nan, wanda ya fi ka sani ya gyara ka. Asabar ta gaba na tafi Dosara. Bayan Kaka ya gama tsokanata, ya ba ni labarin yadda ya taka da ƙafa har Sakkwato neman karatu, yana kwana a zaurukan mutane. Wallahi ya fi nawa daɗi, kuma shi ne a shafina yanzu.

Darasin da na koya? Idan za ka yi wa tsoho ƙarya a intanet, fara ƙirga jikokinsa masu waya.