Yadda Malam Shidai Ya Samu Fili

Yau da hantsi ina tsakar gida ina tankaɗe, sai na ji sallama a ƙofar zaure, da ƙarfi, irin ta mutanen da ke cin albashi. Maigidana ya fita. Shekaranjiya ya dawo daga Kurmi, ko gajiyar hanya bai gama saukewa ba. Na ji baƙon na cewa sunansa Lukuman, malamin awo ne, an turo shi ya auna wa Malam Shidai filinsa na fadama.

"Babu mai wanga suna gidan ga," in ji maigida. "Duk Masama ma ban san shi ba."

Rariya ta kuɓuce mini. Ni kam na san Malam Shidai, jama'a. Ni na haife shi, a gaban teburin akawu, ba tare da ungozoma ba.

Ku bari in ɗauko muku daga tushe. Fadamar da ke bayan garinmu, tun kakanni a nan ake dasa albasa da rani. Bara waɗansu manya suka zo cikin mota mai sanyi, suka tsaya a kan tudu don kada takalmi ya taɓa laka, suka sa aka kafa allo: fadama ta hukuma ce, mai son noman rani ya nemi izini a rubuce. Mun gode musu ƙwarai da wannan wayar da kai. Da ba su faɗa ba, da kakanninmu na can kwance ba su san a gonar aro suka ƙare rayuwarsu ba.

Maigida ya zuba irin albasa a bayan gida, ya bi motar kaya zuwa Kurmi, da niyyar in ya dawo ya nemi takardar. Sai mai ya yi wuya. Motarsu ta shiga layi a wani gari, ta zauna nan kamar ta yi aure. Iri kuwa ina ruwansa da layin mai? Ya tsiro, ya isa dashe, ya cunkushe, bakin ganye ya fara rawaya. Albasar nan ita ce hatsinmu in rumbu ya yi ƙasa, ita ce suturar Salla, ita ce maganin ƙafar Inna, surukata. In lokacin dashe ya wuce, shekara ta wuce ke nan. Inna ta dube ni ta ce, "Zulai, ke kin taɓa shiga aji. Tashi ki tai."

Ni da ko a gidan biki bayan ƙyaure nake zama, na ja mayafi na shiga mota zuwa birni.

Ofishin nan, Allah ya ƙara masa ɗaukaka, ɗakuna ne jere, kowane ɗaki da Mai Girma a ciki, in kuwa babu shi to akwai hularsa a kan tebur tana riƙe masa aiki. Mai Girma Sarkin Fom ya ce in kawo takardar mai unguwa da ke nuna mu 'yan garin ne. Na kawo. Ya ce saura takardar da ke nuna mai unguwa shi ne mai unguwa. Na kawo. Aka ce in kawo zanen filin. Na ce mai gadin da aka sa a fadamar ba ya bari a shiga sai da izini. Aka ce gaskiya ne, izini kuma ba ya fita sai da zane. Mai Girma Ma'ajin Hatimi kuwa mutum ne mai zumunci, abin koyi. Duk ranar da na je, ko ya tafi suna ko ya tafi ta'aziyya, hatimin na cikin aljihunsa, shi ma yana sada zumunci.

Ranar da na kai gaban akawun da ke cika fom, na tarar da saurayi ɗan birni, da ƙaton agogo, yana ɓare gyaɗa a kan fayil ɗin wani bawan Allah. Bai ɗago kai ba.

"Filin na wa?"

"Na maigidana, ranka ya daɗe."

"Sunansa?"

Na waiga. Ɗaki cike da maza, har da tsofaffi sa'o'in babana. Tun da aka kawo ni gidan nan daga Kalgo sunan nan bai taɓa fita bakina ba. Uwata ba ta faɗi na babana ba har ya koma ga Allah. Inna ma ba ta faɗar na maigida, don ɗan farinta ne. Ko a nan ba zan rubuta muku shi ba, rubutu ai faɗa ce da hannu. Abin da zan iya gaya muku, sunansa shi ne kalmar nan da mai kaya ke faɗa a kasuwa in an yi masa tayin da bai gamshe shi ba. To, kun gane. Shi ya sa ban taɓa iya sayar da ko kaza ba.

Na ce, "Malam."

Ya rubuta. "Malam wa?"

Na ja mayafi na rufe baki. "Shi dai..."

Biro ya yi tafiya. "Sunan mahaifinsa?"

Surukina! Wannan ai ya fi na farko nauyi. Na sunkuyar da kai na ce, "Marigayi."

"Dangwala nan. Na gaba!"

Sai da na fito waje na duba kwafin da ya ba ni: Malam Shidai Marigayi.

Da na dawo gida na kai kuka wurin maƙwabciyarmu Hajjo, tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda bakinta bai san shinge ba. Ta yi dariya har ta riƙe bango. "Ke ɗiyar nan, kunya ta kashe ki! Taho mu koma, ni in faɗa musu. Ni na yi ma uwatai wankan jegonai, mi za ni ji?"

Muka koma. Hajjo ta tsaya gaban akawu, ta dafa tebur, ta faɗi sunan sarai da ƙarfi.

Ya ɗago kai, karo na farko. "Baba, nan ba kasuwa ba ce. Kuɗin fom ba a tayinsa."

Ta sake faɗa.

"Na ce ba ragi!"

"Kai yaro, sunanai ne nika gaya maka! Uwarka ba ta koya maka sauraro ba?"

Da ƙyar masinja ya raba su. Bayan an fahimci juna, akawu ya yi mana bayani cikin natsuwa, Allah ya saka masa. Gyara abu ne mai sauƙi. Za a buɗe sabon fayil. Wadda ta yi kuskuren za ta je ta yi rantsuwa, ta faɗi sunan gaskiya a bainar jama'a. Sa'an nan Malam Shidai ya zo da kansa, da hotonsa, ya sa hannu cewa ya yarda babu shi.

Hajjo ta ce, "In babu shi, ƙaƙa za shi zo?"

"Wannan kuma matsalarsa ce, Baba."

Muka dawo. Na ci gaba da yayyafa wa iri ruwa ina ba shi haƙuri. Da maigida ya dawo na yi ta neman bakin da zan gaya masa, ban samu ba, sai ga malamin awo ya riga ni.

To, mu koma zaure. Na lallaɓa na tsaya bayan asabari, na ce, "Malam... kai ne."

"Ni ne wa?"

"Shidai ɗin."

Lukuman ya buɗe takarda ya karanta masa sunan cikakke, a hankali, kamar mai sanarwa a rediyo.

"Marigayi?" in ji maigida. "Zulai, layin mai na shiga, ba kabari ba! Sauya min suna bai ishe ki ba sai da kika kashe ni?"

"Kada ka damu, Malam," in ji Lukuman. "Da wannan sunan ne ma takardarka ta fito da wuri. A wurinmu matattu ba sa bin layi, sun fi kowa samun fili. Ni dai ga igiyar awo. In akwai Malam Shidai, mu je fadama yanzu. In babu, in rubuta babu, fili ya koma hannun ofis, akwai wani Alhaji da ke son ya ajiye shi."

Maigida ya leƙa bayan gida. Ya daɗe yana duban irin nan da ya kwanta rabi, rawaya ta ci kansa. Ya dawo, ya gyara hula.

"Malam Lukuman, sake kira."

"Malam Shidai Marigayi!"

"Na'am. Allah ya jiƙaina. Mu tai."

Kafin azahar an kafa turaku, kafin la'asar shi da ƙannensa sun fara jan fangalin dashe, ni da Inna muna tuge iri muna ɗaurewa dami-dami. Abin da ya mutu ya mutu, amma mafi yawa zai kama, in Allah ya so. Hajjo kuwa ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. Ta bi gari gida-gida da tallan daddawa, kafin rana ta yi sanyi ko yaran da ke kiwon awaki in sun hango shi sai su ɗaga murya, "Sannu da aiki, Malam Shidai!" Shi kuma yana amsawa, don ya ce sunan da ya zo da fadama ba a yi masa fushi.

Saboda haka ina miƙa godiya ga Masu Girma na ɗakunan nan, da su da hulunansu. A da sai an yanka rago ake raɗa wa mutum suna, yanzu dangwale ɗaya ya wadatar, kun ga an rage wa talaka ɗawainiya. Ƙorafina ɗaya ne, ƙarami. Ɗazu Inna ta tambaye ni wa zan kai wa fura a fadama, na buɗe baki zan ce "shi dai", sai ta zare mini ido. Ashe ya zama sunan miji, shi ma ya haramta a bakina daga yau. Yanzu da haɓa nake nuna shi. Ina roƙon Allah kada akawun nan ya gani, don na san shi, sai ya buɗe wa Malam Haɓa fayil.