Yadda Za Ka Kare Famfon Sola Daga Rana

Kai kansila, an kawo wa mazaɓarka burtsatse mai aiki da hasken rana? Bi matakan nan, na yi maka alkawari zai shekara goma yana ƙyalli kamar jiya aka sauke shi daga mota. An gwada a wani ƙauye gaba da Gurbin Bore.

1. Bari ya yi aiki yini ɗaya
Ranar buɗewa ke nan. Manya su zo daga Gusau, a ɗauki hoto. Sa Tasalla a gaba, tsohuwar nan mai ciwon gwiwa da ke tonon yashin gulbi kowace safiya kafin ta samu na sha. Ta cika tulunta, ta sa maka albarka. Ya isa haka.

2. Naɗa mai gadi mai tsoron Allah
Irin Malami. Kada ka gaya masa yadda abin yake aiki, ai kai ma ba ka tambaya ba. Ce masa kawai: "Kayan gwamnati ne, amana ce, kuma ka san Shari'a ake yanzu." Da azahar zai taɓa farantan da ke zuƙar rana, ya ji sun yi zafi jau.
"Subhanallahi! Wanga abu narkewa za shi yi ga hannuna!"
Kafin la'asar ya kafa musu rumfar zana mai kauri, irin wadda yake wa tunkiyarsa. Ruwa zai ɗauke. Yaba masa.

3. Amsa ƙorafi
Tasalla za ta dogaro sanda har ƙofar gidanka.
"Ɗan nan, tun da anka yi ma abin ga rumfa, famfo ya yi shiru."
"Haba Inna, mi kinka sani ga injin Turawa?"
Sai ka kafa kwamiti. Masana sun tabbatar, ƙishirwa tana raguwa in ta ji an kafa mata kwamiti.

4. Yi hattara da iska
Ita ce babbar abokiyar gabarka. A ƙauyen can, iskar farkon damina ta yaye zanar. Da hantsi sai ga ruwa shaa! Mata suka yi layi. Tasalla, da yake ba ta iya sauri, ita ce ta ƙarshe. Malami kuwa ya hau tsani yana istigfari, ya ɗaure zanar da igiya biyu. Tasalla na kara tulunta, famfon ya yi tari sau ɗaya, ruwa ya ɗauke.
"Malami, don girman Allah ɗaga ta kaɗan in cika."
"Ki yi haƙuri Tasalla, amana ce."
Ta ɗauki tulun, ta nufi gulbi.

Sanarwa: in ka bi matakan nan, gwiwar wata tsohuwa ta ƙi dawo da ita daga gulbi, babu hannuna. Babu naka kuma. Je ka gaisuwa da babbar riga, ka ce kwana ne ya ƙare.