Agogon da Ya Jira Mai Almakashi

Jiya na wuni a tsaye a lambun shaƙatawa na tsakiyar gari, rana na dukan ƙeyata, a ƙarƙashin wani agogo da ya dage cewa goma ce saura kaɗan. Haka ya ce da hantsi, haka ya ce da azahar. Ban taɓa ganin ma'aikacin gwamnati mai magana ɗaya kamarsa ba.

Baffana ne ya ja mini. Kafinta ne, a bakin lambun nan ya ƙare ƙuruciyarsa. Da ƙararrawar tsohuwar hasumiyar agogon lambun yake buɗe shago, da ita yake rufewa, har ginin ya tsage aka rushe shi. Yanzu jinsa yana tafiya. Kunnen hagu ya riga ya toshe, na dama kuma likita ya ce kada mu sa rai. Da Baffa ya ji an sake gina hasumiyar, abu ɗaya ya roƙe ni: in kai shi ya ji ƙararrawar tun yana iyawa.

Na kai shi tun farkon damina. Gaskiya an yi aiki. Fenti fari tas, fitilu, furanni, ga allon dutse mai ɗauke da sunayen manya, ya kusa kamo hasumiyar a tsawo. Agogon dai a tsaye.

Na tambayi mai gadi ko lalacewa ya yi.

"Lafiyarsa ƙalau, yallaɓai. Riƙe shi aka yi."

"Wa ya riƙe shi?"

"Ofis. An sanar ƙarfe goma za a buɗe. In aka sake shi yanzu, ran da Mai Girma ya zo sai agogo ya nuna ya makara, a gaban jama'a? Sai ya iso za a sake shi, ya buga goma daidai da yanka ƙyalle."

"To yaushe zai zo?"

"Ƙarfe goma."

Na tafi ofishin. Wani jami'i ya saurare ni yana danna waya. Na ce a buga sau ɗaya kawai, saboda tsoho.

"Ƙararrawa ta riga Mai Girma magana?" Ya ɗago ya dube ni. "Kai ne wanda ya yi karatu a waje, ko? An gani."

Ya yi alkawarin za a ajiye wa Baffa kujera a sahun gaba ranar biki.

Maƙwabcina tela, wanda ya ɗinka ƙyallen da za a yanka, ya ce laifina ne. "Matsalarka wannan abin da ka ɗauro a hannu. Can inda ka zauna mutane ke bin agogo don ba su da manya. Mu Allah Ya ba mu."

Aka yi ta ɗage biki. An ɗage saboda Mai Girma Sarkin Almakashi ya tafi ƙasar waje koyo yadda ake kiyaye lokaci. An sake ɗagewa saboda ba man da zai ishi jerin motocinsa, ni da ku kuwa muna layin gidan mai muna taya shi baƙin ciki. A tsakanin nan na fara yi wa Baffa magana da ƙarfi. Daga baya na koma yi masa da hannu.

Jiya dai Allah Ya yi. Mai Girma ya iso bayan la'asar. Kujerar Baffa wani mai riƙe wa manya jaka muka tarar a kai, sai muka tsaya jikin shinge. Aka yi jawabai, aka yaba wa Mai Girma kan cika alkawari a kan lokaci, aka nuna agogo shaida. Mai Girma ya sa almakashi, aka saki agogon.

Ƙararrawar tana da daɗi, ba zan ɓoye ba. Tsuntsaye suka watse, na ji ta har cikin ƙirjina. Baffa ya kafa tafinsa a bayan kunnen dama, ya ƙura wa hasumiyar ido. Da aka fara tafi, ya ja hannun rigata.

"Tambaye su, ko sai gobe?"

Na nuna masa da hannu cewa ta buga.

"Da kyau?"

Na gyaɗa kai.

"To madalla. Mu je gida, ƙafata ta gaji."

Yanzu agogon yana tafiya, daga inda Mai Girma ya sake shi. Ba mai gyara shi, don gyaran yana nufin wani ya makara. Yau rana na tsaka ya buga biyar, ma'aikatan ofishin da ke kallon lambun suka kulle ƙofa suka tafi gida.

In edita ya ce rubutun nan ya iso a makare, ya leƙa lambu ya duba.