Ranar da Na Shayar da Raƙumi a Dei-Dei

Ba zan taɓa mantawa da abin da raƙumi ya yi mini a gaban ɗalibaina ba. Lokacin ina koyar da addinin Musulunci a wata makaranta a Lugbe, an ɗauke ni gwajin wata uku, saura sati guda shugabar makarantar ta yanke ko in zauna ko in kama gabana. Ga matata da tsohon ciki.

Bakina ne ya jawo mini. Madam Saratu, mai koyar da addinin Kirista, ta ba mu labari a ofishin malamai, shugaba na zaune, na wata budurwa a littafinsu da ta shayar da raƙuman wani baƙo guda goma a bakin rijiya, har aka zaɓe ta amarya saboda wannan ƙoƙari. Ni kuwa na karkace hula na ce wannan ai ba aiki ba ne, raƙumi bokiti ɗaya ya ishe shi tunda ruwansa na cikin tozo. (Ni da ban taɓa matsawa kusa da raƙumi ba sai a hoto.)

Kwana biyu bayan nan aka kai ɗalibai kasuwar dabbobi ta Dei-Dei, sai ga wani Buzu da raƙuman da aka sauke daga tirela. Shugaba ta miƙo mini bokiti.

"Malam, kai ka ce bokiti ɗaya. Oya, ba shi ya sha mu gani."

Famfon yana can ƙarshen layin shanu. Na ɗebo na farko ina taƙama, kafin in gyara tsayuwa raƙumin ya shanye yana kallona. A na huɗu shaddata ta jiƙe sharkaf. A na bakwai santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas cikin kashin shanu, yara suna ƙirga bokitan da ƙarfi. Buzun ya ce cikin tausayi, tozo kitse ne, ba randa ba. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Ina zaune a wurin na tuna taguwar Annabi Salihu, wadda aka raba mata ranar shan ruwa ita kaɗai, mutanen gari kuma da tasu ranar. Sau nawa na koyar da wannan ban gane nauyinsa ba! Na miƙe da kazantar a jikina na ce yara su lissafa: ɗaya ya sha bokiti shida bai ƙoshi ba, to goma fa? A zamanin da babu famfo, sai guga da tulu? Daga nan ni da Madam Saratu muka shiga ba su labarin ayari da rijiyoyin hamada, da abin da ya sa ruwa ke haɗa aure ya kuma haɗa faɗa. Har dillalan shanu suka matso suna saurare.

A mota ba wanda ya yarda ya zauna kusa da ni. Amma da muka isa, shugaba ta toshe hanci ta ce, "Wannan darasi yara ba za su manta ba. Ka zo Litinin ka karɓi takardarka."

Na samu aikin, na yi murna har da ƙwalla. Tun daga ranar, duk dabbar da na karanta a littafi, sai na tambayi mai kiwonta kafin in buɗe baki.