Dashen da Ba Shi da Saiwa

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da rabin karatun da na yi a makaranta, amma ranar dashen itatuwa a bakin dam ɗin Ƙaraye ta ƙi fita daga kaina. Ko da ma na so mantawa, mutanen garinmu ba za su bar ni ba.

A lokacin na gama difloma na dawo gida ina zaman jiran aiki. Akwai wani fili a gefen ruwan da aka keɓe tun muna yara, aka ce za a mayar da shi wurin shaƙatawa na jiha. An kafa allo, an gina 'yan kujerun siminti, daga nan aiki ya tsaya. Duk da haka mutane na zuwa, musamman da Sallah, a shiga kwale-kwale, a ci soyayyen kifi, samari su yi ta ɗaukar hoto. Matsalar wurin ɗaya ce, babu inuwa. Masu gawayi da masu itacen girki sun gama da bishiyoyin, sai wasu tsofaffin mangwarori da suka rage a can gefe, su ma don mai gadi a ƙarƙashinsu yake shimfiɗa tabarmarsa ne.

Sai wani ɗan kwangila a garinmu, Alhaji Mamuda, ya kafa ƙungiyar raya wurin. Shi ne shugaba, ni ne sakatare (ba zaɓe na ci ba, ni kaɗai ne a cikinmu ba ni da wurin zuwa da safe). Ya ce da ni in wurin ya tashi za a ɗauki ma'aikata, masu zagayawa da baƙi da masu kula da itatuwa, kuma sunana ne na farko. Daga ranar na fara tafiya kamar wanda ya riga ya karɓi albashi. Na ɗinka koriyar hula. Na fara tare mata masu ɗauke da itace a hanya ina yi musu wa'azin kwararowar hamada, su kuwa suna kallona da kaya a ka suna jiran in gama.

Da damina ta zauna aka sa ranar babban taro. An gayyaci masu unguwanni, da 'yan makaranta, da baƙi daga Kano. Babbar baƙuwa wata dattijuwa ce, malamar jami'a da ta ƙare rayuwarta a kan sanin tsirrai, kuma aka ce maganarta tana da nauyi wurin masu ɗaukar aikin. An yi mana alkawarin mota guda ta dashe, mangwaro mai aure da kashu da gwaba, kowanne a ledarsa. Mu kuma muka yi kwanaki muna haƙa ramuka layi-layi, har hannuwana suka yi kanta.

Ana gobe taro, dashe bai iso ba. Na sami Alhaji a ƙofar gidansa da la'asar, na durƙusa muka gaisa, na faɗa masa. Bai nuna wata damuwa ba. Ya ce motar ce ta lalace a hanya, amma yana da 'yan ƙwayoyi a bayan motarsa waɗanda manyan baƙi za su dasa da hannunsu. Na tambaye shi sauran ramukan fa.

"Sakatare, baƙi dai ba za su taso daga Kano su zo kallon ramuka ba," in ji shi. "Kai ne mai ilimin. Ka san yadda za ka yi. In dashen ya iso jibi sai a gyara."

Bai ce in yi komai ba, ka lura. Wannan na gane daga baya. A lokacin abin da kunnena ya ɗauka kawai shi ne "kai ne mai ilimin".

Bayan sallar asuba na ɗauki addar gidanmu na nufi bakin ruwa. Har tunani na yi irin na masana: ganyen darbejiya da na gwaba saurin yaushi suke yi, na mangwaro kuwa yana kai azahar a miƙe. Mangwaron da ke kusa kuma ka san wanne ne. Mai gadi ya tafi gida karyawa. Na hau tsofaffin bishiyoyin nan na yi ta saro ƙananan rassa masu kyan ganye, ina fiƙe gindin kowanne kamar fensir, ina cakawa a rami ina danna ƙasa da ƙafa. Kafin rana ta ɗaga filin ya yi kore shar. Na tsaya daga nesa na duba aikina, kuma don in faɗa maka gaskiya, daɗi na ji. Har hoto na ɗauka.

Na koma gida na yi wanka na sa sabuwar shadda. A tsakar gida na tarar da Baba shi ma ya sha babbar riga. Mahaifina yadi yake sayarwa a kasuwa, kuma ban taɓa ganin ya rufe shagonsa a ranar ciniki ba, ko ranar sunan ƙannena sai da ya leƙa. Ni ne ɗansa na fari, don haka ba ya kiran sunana, ba ya kuma yabona a gaban mutane. Ya dai ce ya ji an ce ni zan riƙe abin magana, bari ya je ya ga abin da ake yi. Ashe har abokansa na layin 'yan yadi ya gayyato.

Taro ya yi taro. An kafa rumfuna, an jera kujeru, 'yan makaranta sun yi layi da tutoci. Aka buɗe da addu'a, aka miƙo mini makirfo. Ni kuwa na samu abin da nake nema. Na yi bayanin zaizayar ƙasa, na yi na ɗumamar yanayi, na ce jikokinmu za su zauna a inuwar abin da matasa suka dasa da sassafen nan. Da na ji tafi sai na ƙara wuta, na ce duk wanda ya ɗaga adda ya sari ko reshe ɗaya a wurin nan maƙiyin al'umma ne, kuma ni da kaina zan kai shi gaban hukuma. Na hango Baba a layi na biyu yana gyaɗa kai, na kusa da shi yana raɗa masa wani abu yana murmushi.

Aka kai Hajiya, babbar baƙuwar, ramin da aka tanadar mata. Ta yage ledar da kanta, ta dasa, ta zuba ruwa, aka yi hoto. A tsarinmu daga nan sai rumfa, sai shinkafa. Amma baiwar Allah ta ƙi ajiye butar ban ruwan. Ta ce ta sha zuwa irin wannan taro, a dasa ɗaya a gaban kyamara a bar sauran su mutu, yau kuwa ta ga matasa masu zuciya, sai ta shayar da nasu su ma. Ta yafito ni ta ce in zo da abin maganar in riƙa yi wa jama'a bayani. Jama'a suka biyo mu, har da mai ɗaukar bidiyo.

Reshen farko da ta shayar ya tsaya. Na biyu ma ya tsaya. A na uku ta ɗan zuba ruwa da yawa, ƙasar kuma dama a jiƙe take. A hankali abin ya fara karkata, kamar mai gyangyaɗi a masallaci. Ta sunkuya don ta tayar da shi, sai kawai ya biyo hannunta. Ta ɗaga shi. Babu saiwa ko ɗaya, sai farin gindi a fiƙe, saran adda yana ƙyalli.

Ta juya shi a hannu, ta matsa ta zare na gaba, shi ma haka. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Ɗana, daga wace bishiya aka yanko waɗannan?"

Idona ne ya ci amanata. Na waiwaya, kowa ya waiwaya. Ga mangwarorin can a bayan rumfa, gefe guda an yi musu aski, fararen raunuka a jikinsu, ganye zube a ƙasa, mai gadi tsaye a ƙarƙashinsu ya riƙe ƙugu.

'Yan makaranta ne suka fara dariya, sannan suka bazu cikin layuka kowa yana zare nasa yana ɗagawa sama. Ni kuwa na matsa kusa da Alhaji Mamuda na raɗa masa: "Alhaji, don Allah ka ce wani abu mana, ka san fa yadda muka yi." Na manta makirfo na hannuna, kuma a kunne yake. Lasifika ta kai raɗar tawa har wurin masu kwale-kwale.

Alhaji ya karɓi makirfon cikin natsuwa. Ya yi salati, ya ba baƙi haƙuri. Ya ce shi mutum ne mai yarda da yara, ya damƙa wa wannan yaron amanar dashe gaba ɗaya, bai san abin da zai saka masa da shi ke nan ba. Ya ce maganar da na yi yanzu ma ta isa ta nuna irin tarbiyyar matasan zamani, a kama su dumu-dumu su nemi wanda za su shafa wa. Ya sanar da cewa ya sauke ni daga sakatare nan take. Aka tafa masa (tafin har ya fi wanda aka yi mini ɗazu). Na duba layi na biyu, kujerar Baba babu kowa.

Hajiya ba ta ci abincin ba. Da za ta shiga mota ta ce da ni ƙaryar ba ta ba ta haushi kamar bishiyoyin ba, don su ne kaɗai abu mai rai a filin kafin in taimaka. Maganar aiki kuwa ko a mafarki ban ƙara jin ta ba.

Aka kwana biyu. Ran nan muna cin tuwo, Baba bai ko ɗago kai ba, ya ce: "Da ka bar ramukan yadda suke, da shugaba za a tambaya ina dashe. Kai ka rufe masa su." Ya ci gaba da cin abincinsa. Daga baya na ji cewa a layin 'yan yadi, in ya fito sai wani ya tambaye shi ya lambu.

Bidiyon ya zaga wayoyi daga Ƙaraye har Rogo. Sunana ya koma Ba-Saiwa, kuma har yau akwai yaran da suke zaton sunan yanka ne. Matan da nake tarewa a hanya su ma sun rama, in mun haɗu sai ɗaya ta tambaye ni ko ina da ragowar rassa, tana son na girki.

Bayan 'yan watanni na raka wani abokina ta'aziyya Falgore ta Rogo a kan babur. A hanya muka wuce wata gona da aka kewaye da sabuwar waya, cike da ƙananan mangwaro da kashu da gwaba a jere, ana ba su ruwa da inji. Na tambayi wani mai kiwo a bakin hanya ta wane ce, ya ce ta wani Alhaji ce ɗan kwangila daga Ƙaraye. Ashe motar da ta lalace ta samu lafiya, hanya kawai ta sauya. Na dawo na faɗa wa duk wanda zai saurare ni. Wasu suka ce Allah ya kyauta, wasu suka ce ai dole in faɗi haka. Babu wanda ya je ya duba. Alhaji har yanzu shi ne shugaba, kuma in ana taron muhalli a gaba ake zaunar da shi.

Ba zan ce an zalunce ni gaba ɗaya ba, don ba wanda ya ɗora ni a kan bishiyar nan, da ƙafata na hau. Abin da na koya bai kai girman kunyar da na sha ba, amma ga shi: in za ka yi wa babba aikin da shi ba zai iya furtawa da bakinsa ba, ka fara duba yadda kowannenku zai bar wurin in abu ya ɓaci. Shi ya shiga mota ya ɗaga gilashi. Ni a ƙafa na koma gida, kuma hanyar gidanmu ta tsakiyar kasuwa ta bi.