Takardar da Na Goge

Shekara biyu na yi karatu a Najeriya. Na dawo Tasawa da takardar sakamako guda tak, wadda za ta kai ni aji uku a jami'armu. Don kada zufa ta ɓata ta, na ce sai na manne ta cikin leda. A waya na koya, da dutsen gugar Inna na yi, har ina kiran maƙwabta su ga ilimi.

A biro, wato ofishin jami'ar, madam mai karɓar takardu ta shafa takardar ta ce, "Ɗana, ina tudun hatimin?"

Ashe na goge shi sumul. Aji ɗaya aka maido ni. Kwana biyu Inna ba ta taɓa tuwo ba.

Har yau 'yan kabu-kabu na tambayata, "Mai guga, kana karɓar diplom?"