Rasuwar Kwamfutar Sashen Kasuwanci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, malamin darasin Kwamfuta da Kasuwanci yake sanar da ɗalibai da abokan aiki rasuwar kwamfutarsa, wadda ita kaɗai sashen ya taɓa mallaka. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara goma sha ɗaya, a gaban baƙi.

Marigayiya mai kunya ce, ba ta shiga harkar kowa. An kawo ta ne a shekarar da hukuma ta ce dole a koyar da kwamfuta a makarantun kasuwanci. Sau ɗaya aka ji muryarta, ranar da dillali ya gwada ta, ta ce "ɗiiit". Daga nan Malam ya lulluɓe ta da mayafin matarsa a kusurwar ofis, don a ganinsa yawan kunnawa ne ke tsofar da na'ura. Ya koma zana ta a allo da alli, ɗalibai suna kwafa, suna cin jarrabawa. Mutum ɗari tara ya yaye a haka, kuma wallahi ko ƙura bai bari ta hau ta ba.

Ajali ya zo tare da masu duba makarantu. Shugabarsu, wata mata marar imani, ta ɗaga mayafin da yatsa biyu ta ce, "Malam, kunna mana." Ya lalubi gaba, ya lalubi baya, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Sai da matar ta kama yatsansa ta ɗora a kan maɓallin. Marigayiya ta yi "ƙirrr", ta yi "fus", ta amayar da hayaki da kyankyasai huɗu, shi ke nan.

Ta bar kibod da har yau bai fita daga ledarsa ba, da firinta wadda ba ta taɓa ɗanɗana tawada ba, sai Malam, wanda yanzu ya kasa haɗa ido ko da mai shara. Tsoro ya cika shi, kuma da gaskiyarsa, shekara biyu kacal suka rage masa ya yi ritaya.

Za a kai ta makwancinta ranar Alhamis da safe, a ɗakin ajiye karyayyun kujeru. Malam zai karɓi gaisuwa a ofishinsa har ƙarfe biyu, sannan ya miƙa makulli ga magajiyarsa da hukuma ta naɗa a madadinsa, wata tsohuwar ɗalibarsa da ya kayar a jarrabawa sau biyu, ta je ta koyi aikin a shagon buga takardu na bakin titi. Tana roƙon masu makoki su taya shi fita da kayansa da wuri, tana da aji da ƙarfe biyu da rabi.